Auta, Sau Nawa Ne “Ba Kasafai Ba”?

Preston, Ingila
Daren Lahadi

Assalamu alaikum Auta,

Ya Inna da ciwon gwiwa? Ya Baba, ya su Yaya Babba da yara? Ki gaida min Goggo, ki ce mata kuka da kuɓewa sun iso lafiya. Daddawar ce dai ta sa maƙwabciyata ta buga min ƙofa tana tambaya ko wani abu ya mutu a bayan firij. Wannan ɓangaren kada ki faɗa wa Goggo.

Na san za ki ce me ya yi zafi Yaya ta zauna rubuta doguwar wasiƙa ga waya a hannu. Ai halinki na sani, Malama Sauri. In na yi miki saƙon murya sai ki ƙara masa gudu kina wanke-wanke, ki turo min hoton babban yatsa, magana ta mutu. Rubutu kuwa ba a ƙara masa gudu, dole ki nemi wuri ki zauna.

Na duba takardun gwajin jarrabawar Turanci ta IELTS da kika turo. Kada ki karaya, ba ki yi nisa ba. Hukumar NMC da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan 7 take nema a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, kuma abin da ya rage miki bai taka kara ya karya ba. Amma da na bi tambayoyin da kika faɗi ɗaya bayan ɗaya, sai na ga rami guda ne kike ta komawa ciki. Manyan kalmomin likitanci ba sa kayar da ke, waɗannan kin haddace su tun a makarantar jinya. Ƙananan nan ne da kike tsallakewa da ido: “rarely”, “seldom”, “hardly”, “occasionally” da danginsu.

Dubi ta tsuntsun nan. Labarin ya ce tsuntsun “rarely nests near towns”, tambaya ta ce “never nests near towns”, ke kuma kika buga “True” kika wuce abinki. Wanda ba kasafai yake yin sheƙa kusa da gari ba ai yakan yi, ko da sau ɗaya ne a shekara goma. Wanda bai taɓa yi ba kuwa, magana ta ƙare. Masu tsara jarrabawar sun san mai gaggawa zai haɗa biyun, shi ya sa suke ɗana tarkonsu a nan. Can gaba kuma sai kika faɗa ta ɗaya gefen: an ce manoman “seldom use” takin zamani, kika karanta tamkar an ce suna amfani da shi.

Na gane abin da ke faruwa da kunnenki. Mu a Hausa korewa ba ta ɓuya. In za mu ce abu bai cika faruwa ba, sai mu kafa masa “ba” a gaba mu kafa wata a baya: ba kasafai yake zuwa ba, bai faye cin nama ba, ba ta cika fita ba. Ko gyangyaɗi kike, da kin ji “ba” biyun nan kin san an kore. Bature kuwa sai ya ɗauki korewar ya cusa ta cikin kalma guda, ya bar jimlar tsaf. “He seldom comes.” Nemi “not” a nan, babu ita. Kunnen da ya saba jiran “ba” sai ya tsinci “he comes” ya yi gaba. Masu wannan hali su ne “seldom”, “rarely”, “hardly”, “scarcely”, sai “barely” da ke biye da su.

In kina son shaida cewa korewa ce ta gaske, dubi abin da ke bin su a baya. Kin tuna Malam Izintit da 'yar wutsiyar tambayar nan da yake dukan tebur a kanta? In jimla ta tabbatar wutsiya ta kore, in ta kore wutsiya ta tabbatar. To “He seldom comes” wutsiyarta “does he?” ce, ba “doesn't he?” ba, domin Turanci ya riga ya lissafa ta cikin korarru. Haka “any” da “ever” suke bin su, yadda suke bin “not”: “She hardly eats anything.” Kuma ba a ƙara musu wata “not” ɗin a kai. A tasha za ki ji wani ya ce “I can't hardly walk”, ki bar masa kayansa. A takardar jarrabawa “I can hardly walk” ne. Allah Ya jiƙan Malam, ashe ba mugunta ba ce.

Wadda ta fi ba ni tsoro a cikinsu ita ce “hardly”. Da ganinta za ki ce 'yar gidan “hard” ce, alhali yanzu sun yi hannun riga. “He works hard” yabo ne, “he hardly works” zagi ne. A ofis wannan abin dariya ne. A ɗakin marasa lafiya kuwa, saurara da kyau. Ƙarfe uku na dare, fitilu a rage, mataimakiyar jinya ta leƙo ta labule ta ce miki na gado kaza “he's breathing hard”. Mutum na haki ke nan, ƙirji na hawa da sauka. Ki je ki ɗaga masa gado, ki maƙala masa na'urar auna iska a yatsa, ki ƙirga numfashi. In kuwa cewa ta yi “he's hardly breathing”, to numfashin ne ke shirin ɗaukewa. Nan jar ƙararrawar bango ake ja, kowa ya rugo, a turo keken kayan ceto. Harafi biyu ne tsakaninsu, kuma a wannan lokacin ba mai maimaita miki a hankali.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe ta ita ce, duk inda kika ji “hardly” ki sa “da ƙyar” a ranki. A Turancin da ma abin da take nufi ke nan, yin abu da wahala, kafin ta zame ta koma kusan rashin yi. Da ƙyar yake numfashi, da ƙyar take cin abinci. In yawan lokuta ake nufi sai a ƙara mata “ever”: “hardly ever”, wato da wuya ki ga ya yi.

Sai ginin nan da kika ja wa layi kika rubuta “Yaya mene ne wannan kuma?” a gefe: “Hardly had I sat down when the bell rang.” Kin san shi sarai, a bakin Inna kika tashi da shi. Zamana ke da wuya sai ƙararrawa ta kaɗa. Fitar Baba ke da wuya sai ga Kawu da buhunsa. Shi ne dai, har wuyar tana nan. Abin lura kawai, in kalmar ta zo farkon jimla sai “had” ta tsallako gaban mai aikin, kuma “when” ke biyo baya. “Than” ta “no sooner” ce, kada ki ba wa wannan kayan waccan.

“Seldom” da “rarely” ma'anarsu kusan ɗaya, shekaru ne suka raba su. “Seldom” tsohuwa ce tukuf, tana cikin harshen tun kafin mutanen Normandi su ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma 'yar'uwarta “selten” na nan a Jamusanci har gobe. “Rarely” daga baya ta shigo, tushenta Latin, inda ake faɗin kalmar ga abin da ke tsilli-tsilli, da tazara a tsakani. Mu a makarantun gida “seldom” aka fi cusa mana. A nan kuwa sai ki daɗe ba ki ji ta a bakin mutum ba, sai a jarida, ko wajen irin dattijon nan da ke saka kwat ko jini za a ɗebar masa. In kina hira da mai jarrabawa ki ce “rarely” ko “hardly ever” ko “not very often”, ya fi kama da maganar masu rai. “Scarcely” ki gane ta in kin gan ta a karatu, ya isa. “Barely” kuma ta fi zuwa a kan gwargwado: “barely conscious”, wato da sauran hayyaci amma ɗan kaɗan.

Wajen zamansu ba wuya: gaban aikatau, amma bayan “is” da “are” da 'yan'uwansu. “She rarely complains.” “She is rarely late.” Ta biyun nan ba da ke nake ba. In kin kai su farkon jimla dole ki juya: “Rarely do we see such cases.” Guda ɗaya a cikin rubutunki ado ne; in suka kai uku mai ba da maki zai gane haddar cibiyar koyarwa ce. “Occasionally” da “sometimes” ba ruwansu da wannan doka, su ba korarru ba ne, ki sa su a farko ki ci gaba da jimlarki yadda take. Kuma don Allah “occasionally” c biyu ce, s ɗaya, l biyu. A sashen sauraro in harafi ya kauce maki ya tafi, ko da kin ji daidai.

Akwai wani bambanci da littafinki bai kawo ba. Mutum biyu na iya shan taba sau ɗaya a wata, wannan ya ce “I occasionally smoke”, wancan ya ce “I rarely smoke”. Na farko amsawa yake yi: nakan ɗan taɓa jefi-jefi. Na biyu kare kansa yake yi: ai ban cika sha ba. Yawan ɗaya ne, fuskar da aka juyo miki ce daban. Haka “a few” da “few” suke. “A few patients complained” na nufin an samu masu ƙorafi, a duba. “Few patients complained” na nufin da ƙyar aka samu, a kwantar da hankali. Ɗan “a” ɗin nan da ba a ko jinsa sosai shi ke juya maganar.

Af, kafin in manta. Kuɗin rajistar na tura wa Yaya Babba, ki karɓa a hannunsa tun kafin ya tuna da tayar motarsa. Kuma kada ki ɓata ko sisi wajen neman rigar sanyi a gwanjon Ƙofar Wambai. Akwai wata shuɗiya a nan da ta yi min kaɗan, ba sai kin tambayi dalili ba.

Sai maganar kunne. “Rarely” da “really” a bakin mutanen nan kusan tagwaye ne, ballantana tsohon da ya cire haƙoran roba ya ajiye a kofi. “I rarely drink” da “I really drink”, kin ga inda za a kwana. Abin da muke yi shi ne mu mayar masa da maganar da wasu kalmomi: “So, not very often?” In ya gyaɗa kai, madalla. Ba mai raina ki don kin sake tambaya. Wadda ake gudu ita ce mai murmushi tana “yes, yes” alhali ba ta ji ba, irin murmushin da kike yi wa Goggo in ta ɗauko labarin jirgin Makka.

Tsofaffin Lancashire kuma suna da nasu na daban. Wata tsohuwa, gashi fari fat, jaka rungume a ƙirji, na tambaye ta ko tana shan taba, ta ce “just the odd one, love.” A makaranta “odd” lamba mara ce irin su 3 da 5, ko abu bambarakwai. Ita kuwa nufinta ɗaya-ɗaya, can ba a rasa ba. Da ta buɗe jakar neman tabarau sai ga kwali ya kusa ƙarewa, ga wani sabo dal a ƙarƙashinsa. Ban ce uffan a kai ba, na dai tambaye ta kwali yakan yi mata kwana nawa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta yi dariya har da tari, ta ce biyu. Kwali kara 20 ne, ke yi lissafin. Za ki kuma ji “now and again”, “every so often”, “once in a while”: duk jefi-jefi ne, sa'i da lokaci. “On and off” ta fi zuwa a kan ciwon da ke lafawa ya dawo.

Wadda na fi so ta garin nan ce. In abu ya yi wuyar faruwa sai su ce “once every Preston Guild”. Wani biki ne na 'yan kasuwar gari, tushensa takardar izinin da Sarki Henry na Biyu ya ba Preston a 1179. Tun 1542 duk bayan shekara 20 ake yin sa, sai yaƙin duniya na biyu da ya sa aka ɗage na 1942 zuwa 1952. An yi a 2012, na gaba sai 2032 ga mai yawan rai. Wani dattijo da na tambaya sau nawa yake ganin likitan haƙori, da wannan ya amsa min, ya kuma buɗe baki don in tabbatar. Mutanen Sheffield su kuma da ambaliyar 1864 suke misali, lokacin da madatsar ruwa ta fashe ta ci mutum sama da 200. Kada ki rubuta ko ɗaya a jarrabawa. Ki dai ajiye su, ranar da kika faɗa wa wani tsoho a nan kin yi aboki.

“Once in a blue moon” kuwa ko'ina ana jin ta, ita kina iya faɗa a jarrabawar magana, sau ɗaya tak. Kin taɓa tambayata wai da gaske wata na yin shuɗi a nan. Ganinsa ma aiki ne saboda hadari. A yadda aka fi ɗauka yanzu, in wata ya cika sau biyu a cikin watan Bature guda, na biyun shi ne “blue moon”. Daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne, watanninsu kuwa 30 ko 31 in ban da Fabrairu, to rarar ce ke taruwa, duk bayan shekara biyu zuwa uku sai a dace. An yi a Agustan 2023, ranar 1 da ranar 31. Ki ba Baba wannan, zai kai majalisa: a lissafinmu na Hijira abin ba ya yiwuwa sam, don watanmu da jinjirin wata yake farawa, daren sha huɗu ɗaya ne a cikinsa. Abin da yake “rarely” a kalandarsu “never” ne a tamu.

A wani kwas na ƙarin sani da aka tura mu an nuna mana wani tsohon bincike. A 1944 wani Ba'amurke mai suna Ray Simpson ya ba ɗalibai jerin irin waɗannan kalmomi, ya ce kowa ya rubuta sau nawa cikin 100 yake nufi da kowace. Da aka daidaita amsoshin “rarely” ta tashi 5, “hardly ever” 7, “seldom” 10, “occasionally” 20. A 1968 Milton Hakel ya maimaita gwajin: “rarely” na nan a 5 ɗinta, amma “occasionally” ta haura zuwa 28. Jerin zai yi miki amfani, ki riƙe wace ke sama da wace. Lambobin dai kada ki haddace su kamar karatun allo. Matsakaicin amsar taron mutane ne, ke kuwa mutum ɗaya ne zai zauna a gabanki, da nasa lissafin.

Kuma abin da ake magana a kai na canja nauyin kalmar. Wanda ya ce “rarely” yake tsallake karin kumallo, wataƙila sau ɗaya a wata yake nufi, ba wani abu ba ne. Mai farfaɗiya da ya ce “rarely” take tasar masa, in sau ɗaya a wata yake nufi, magana ce babba, har lasisin tuƙinsa ta shafa, don a ƙa'idar nan sai mutum ya shekara cur ba ta tashi ba kafin ya koma kan sitiyari. Mu ma ai haka muke yi. In na ce miki “kwana biyu”, kin san ba Litinin da Talata nake nufi ba.

Shi ya sa masu tsara takardun asibiti suke gudunsu. Tambayar farko a takardar AUDIT ta Hukumar Lafiya ta Duniya kan shan giya ba ta ba mutum zaɓin “rarely” ko “often” ba. Cewa ta yi: ba ya sha sam, sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, sau 2 zuwa 4 a wata, sau 2 zuwa 3 a mako, sau 4 ko fiye a mako. Ke ma haka za ki yi. In majiyyaci ya ba ki kalma ki karɓa da fara'a, sannan ki lallaɓa ki nemi lamba. Yaushe ne na ƙarshe? Kafin shi fa? A makon jiya sau nawa? Kalmarsa kina iya rubuta ta yadda ya faɗa, amma lambar ce likitan safe zai yi aiki da ita.

Inda “rare” ke da lamba tsayayya shi ne 'yar takardar nan mai ninki-ninki da ke cikin kwalin magani. A Birtaniya da Tarayyar Turai an ƙayyade illolin magani: “very common” fiye da mutum 1 cikin 10, “common” har zuwa 1 cikin 10, “uncommon” har 1 cikin 100, “rare” har 1 cikin 1,000, “very rare” har 1 cikin 10,000. Lura, a nan mutane ake ƙirgawa, ba lokuta ba. Ki dubi ratar: “rarely” a bakin ɗaliban Simpson 5 ce cikin 100, “rare” ta kwalin magani kuwa 1 cikin 1,000 ko ƙasa. Ita kanta “common” na iya zama mutum 2 cikin 100, abin da a kasuwa ba mai kiransa gama-gari. Majiyyaci na ganin “common” sai ya ɗauka rabin masu sha ne ke kamuwa, ya jefa kwalin a durowa ya yi shiru. Aikinki ne ki ja kujera gefen gado ki warware masa.

Guda ɗaya ce ba na so in gani a alƙalaminki ko kusa: “biweekly”. Turawan kansu ba su daidaita a kanta ba, wasu sau biyu a mako suke nufi, wasu sau ɗaya a mako biyu. Ga mako bibbiyu suna da “fortnightly”. “Every other day” kuwa yau a sha, gobe a huta. Magani irin methotrexate sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma an rasa rayuka saboda an sha shi kullum, shi ya sa ake rubuta ranar shan da sunanta. Sai “severally” ɗinmu ta Najeriya, “I called you severally”. A nan kalmar lauyoyi ce, nufinta kowa daban-daban. Ki ce “several times” ki huta.

Maganar Injiniya kuma, kin ce min jefi-jefi yake kira. Inna ta ce da zarar an idar da isha'i ba a sake ganinki a tsakar gida, kuma wayarki kullum a jikin caji take. Wannan jefi-jefin ban nemi lambarsa ba tukuna, amma zan nema.

To Auta, ranar Juma'a na tambaye ki ko Baba na shan maganin hawan jininsa, kika ce min, “Ai Yaya ba kasafai yake tsallakewa ba.” Na yi shiru ne don na ji motsin Inna kusa da wayar. Haba Auta. Ke da farin kaya da takardar shaida, wannan amsa ce? In majiyyaci ya faɗa miki haka a asibitinku rubutawa za ki yi ki rufe fayil? Sau nawa ne ba kasafai ba? Ranar da ya yi sammakon jana'iza? Duk Litinin da Alhamis in ya ɗauki azumi? Ko tun ranar da abokinsa na majalisa ya kawo masa garin nan a ƙullin leda?

Na san Baba. In ya ce “nakan sha”, ranar da kansa ya sara yake nufi. A wurinsa magani na mai ciwo ne, in ba ciwo an warke. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum na yawo da shi garau har ranar da zai yanke jiki ya faɗi. Kin ga Kawu na Fagge da idonki, ba sai na tuna miki ba. Kuma Inna ta ce ya soma ƙorafin takalmi na matse shi da yamma. Kumburin idon sawu na cikin illolin maganin nasa, amlodipine, da aka saba gani, yana nan a rubuce a takardar kwalin. In shi ne ya sa yake gudun ƙwayar, ba dainawa a ɓoye ce mafita ba. Ku koma wajen likita ya duba, ko a rage ko a canja.

Ba faɗa nake miki ba. To, faɗa ne, amma kaɗan. Na san ke ce cefane, ke ce dutin dare, ke ce rakiyar Inna gashin gwiwa, ga karatu a kai, ni kuwa ina nan ina ba da umarni ta waya. In Allah Ya sa kin ci kin taho, nauyin nan kan matar Yaya Babba zai koma, kuma kin san Baba ba zai karɓi ƙwaya daga hannun suruka ba sai in ya riga ya saba. Shi ya sa nake so a kafa abin tun kina gida.

Ga abin da za ki yi min. Ki ɗauko kwalin daga aljihun babbar rigar nan da ke rataye bayan ƙofa, can yake ɓoye shi. Ki duba ranar da aka sayo a takardar kemis, ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati, ki turo min lamba biyu: kwana nawa da saye, saura nawa. Ki auna masa hawan jini kowace safiya kafin shayi har kwana 7 a jere, ki rubuta a bayan kalandar falo. Ranar da ya manta kada ya haɗa biyu washegari. In ya yi gardama ki ce Hajiyar Ingila ce ta sa ki, ya kira ni ya sauke faɗan a kaina. Sannan ki sake gwajin karatu na uku, wannan karon ki ja layi ƙarƙashin duk irin kalmomin nan kafin ki taɓa amsa ko ɗaya.

Ina dutin dare har Laraba. Alhamis bayan la'asar ɗinku zan kira, ki tabbata Baba na kusa da wayar, kwalin kuma na hannunki.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya ba ki sa'a, Ya ƙara wa su Inna lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Yayarki